Ranar Wanka Ga Tsohuwar Fijo A Suleja

A cikin dubban motocin da ke fita daga Suleja kowace safiya su bi ta Madalla, su wuce gindin Dutsen Zuma su nufi Zuba da Abuja, akan hangi tsohuwar Fijo 504 jefi-jefi tana tafe a hankali kamar dattijuwa a tsakanin jikoki. Masu irin wannan mota sun kasu. Akwai wanda ya gaje ta daga mahaifinsa, akwai tsohon ma'aikacin da ya saye ta da bashin mota tun yana kan aiki, akwai kuma wanda ita ce jarinsa, da ita yake ɗaukar doya da fasinja ranar kasuwa. Abin da ya haɗa su shi ne ranar da za a kai motar gaban ma'aikatan duba lafiyar motoci, waɗanda jama'a suka fi sani da V.I.O., domin sabunta takardar shaidar cewa ta cancanci hawa titi.

Tarihin wannan mota da na garin sun yi kusan tafiya tare. Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa cikin 1968, aka kuma fara harhaɗa motocin kamfanin a Kakuri ta Kaduna cikin 1975. Ran 3 ga watan Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta ƙirƙiro Jihar Neja, ta kuma yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya. Birnin ya ɗauki sunan Abuja, tsohon garin kuwa ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. A nan ma'aikatan farko na hukumar gina birnin suka yada zango, kuma a zamanin ne 504 ta zama motar manyan ma'aikatan gwamnati. An ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har wajen shekara talatin. Saboda haka ko autar cikinsu ta kai shekarun da doka ke sa wa ido.

Dokokin zirga-zirgar motoci na ƙasa na 2012 sun tanadi a riƙa duba motar haya kowane wata shida, motar gida kuwa wadda ta haura shekara huɗu da ƙerawa sau ɗaya a shekara. Aikin duban yana hannun jihohi. Abin lura a nan shi ne, ba shekarun mota ake aunawa ba, halin da take ciki ran nan ake dubawa. Motar 1980 da aka kula da ita tana iya wucewa, ta 2015 da aka wulakanta ta faɗi.

Birki ne farkon abin da mai hankali zai fara da shi, domin nan ne tsufa ya fi ɓuya. Man birki yana tsotsar laima daga iska sannu a hankali, in ya daɗe ba a sake shi ba sai ya haifar da tsatsa a cikin bututu, robobin da ke riƙe shi kuma su bushe su fara yoyo. Direban da ya saba da motarsa ba ya lura, don kuwa ƙafarsa ta koyi taka birki sau biyu, hannunsa kuma ya koyi karkata sitiyari in motar ta ja gefe guda. Ma'aikacin duba mota bai san wannan sabo ba, kuma ba ruwansa da shi. Zai sa a tuƙa a taka birki farat ɗaya, ya ga ko ta tsaya sak ko ta karkace. A cibiyoyin da ke aiki da na'ura mai ƙwaƙwalwa, irin waɗanda aka kafa a Abuja da Legas, ana ɗora ƙafafun motar a kan wasu gammunan ƙarfe masu juyawa, na'urar ta auna ƙarfin birkin hagu da na dama dabam dabam. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Birkin hannu ma ba abin wasa ba ne a gari mai hawa da gangara kamar Suleja, kuma dutsen da yaron mota ke sakawa bayan taya ba ya cikin lissafi.

Daga nan sai sitiyari da ƙafafu. Abin da ya sa 504 ta yi suna a Afirka shi ne laushin tafiyarta a kan mummunar hanya, amma wannan laushin ya dogara ne ga robobi da shokazoba da mahaɗan ƙarfe waɗanda ramukan hanya ke ci kullum. In aka juya sitiyari ya yi tafiya mai yawa kafin tayoyi su motsa, to akwai gyara. Bakanike zai ɗaga motar da jak ya girgiza kowace ƙafa, kunnensa kaɗai ya isa ya gaya masa inda ciwon yake.

Batun taya shi ne ya fi ba masu tsofaffin motoci mamaki. Mutum ya ajiye motarsa a rumfa, ba ya fita da ita sai Juma'a da ranar Salla, zanen tayoyinsa kamar jiya aka saya, amma a ce masa sun mutu. Dalili kuwa roba tana tsufa ko ana tafiya ko ba a yi, zafin rana kuma yana gaggauta tsagewarta. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Watau 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1988, ta daɗe tana gargaɗin kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu. Mai sayen tayar Beljiyam don neman sauƙi lalle ne ya karanta wannan lamba kafin ya biya kuɗi.

Fitilu, da na nuna hannu, da oda, da abin share gilashi, aikin mai gyaran wuta ne na rabin yini, galibi ma waya ce ta yi tsatsa. Haka kuma a tabbata akwai madubai, da safaya, da jak, da abin kashe gobara wanda bai lalace ba, da alamar tsayawa mai kusurwa uku. Bel ɗin kujera ya zama tilas tun farkon 2003, kuma a tsofaffin motoci da yawa an daɗe da yanke shi an ɗaure kaya.

Hayaƙi kuwa yana da magana. Fijo 504 mai fetur galibi da kafireta take aiki, ba ta da na'urar da ke daidaita mai da iska da kanta kamar motocin yanzu. In bakanike ya buɗe mata mai da yawa don ta yi saurin tashi da safe, sai baƙin hayaƙi ya biyo salansa, aljihun mai ita kuma ya ji a jika, musamman tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023. Wannan gyara ne mai sauƙi: a wanke kafireta, a sake filogi da matatar iska, a daidaita wuta. Shuɗin hayaƙi shi ne mugun labari, domin yana nuna injin na ƙona baƙin mai, maganinsa kuwa sai an sauke shi. A nan ne mai mota kan gane cewa bakaniken da ya san kafireta ya fara wuya kamar kayan gyaran kansu. Samarin gareji sun tashi a kan motocin Japan. Sai an nemi dattawan sana'a, kayan kuma wani lokaci sai an aika Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san inda take.

Wanda ya taɓa sake inji ko ya canza launin fenti ba tare da ya sanar da ofishin lasin ba, zai iya wuce dukan waɗannan ya maƙale a kan takarda, domin ana gwada lambar inji da ta jikin mota da abin da ke rubuce. Inshorar da doka ta wajabta wa motar gida ta tashi daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 daga farkon 2023.

A Ingila, inda aka fara irin wannan duba cikin 1960, an ɗauke wa motocin da suka haura shekara arba'in wannan nauyi daga Mayu 2018, bisa hujjar cewa masu su na tattalinsu kuma ba sa yawan fita da su. Wannan hujja ba ta zauna a nan ba. Tsohuwar motar Suleja ba ta ado ba ce, tana ɗaukar iyali zuwa Minna, tana gogayya da tankokin mai a mahaɗar Dikko.

Ikon ma'aikatan duba motoci ya sha zuwa gaban alƙalai. Cikin Maris 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Asaba ta yanke cewa dokar Jihar Delta ba ta wajabta wa motar gida wannan takarda ba. Cikin Oktoba 2024 kuma Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta hana ma'aikatan babban birnin tsayar da motoci a hanya, ko kama su, ko cin tarar direbobi. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin an soke duba mota baki ɗaya, alhali hukuncin farko a kan dokar Delta aka yi shi, na biyun kuma a kan tare hanya a yankin Abuja. Mutumin Suleja da ke kwana a Jihar Neja ya wuni a babban birni yana ƙarƙashin hukumomi biyu a rana guda.

Babbar ɓarakar ma ba a kotu take ba. Sanin kowa ne cewa akwai 'yan kamasho da ke karɓar kuɗi su kawo wa mutum takarda har gida, motar kuwa ko ƙofar ofis ba ta gani ba. Ga sabuwar mota wannan ganganci ne. Ga motar da bututun birkinta ya shekara arba'in a ƙarƙashin laka da ruwan damina, wannan duba na shekara shekara shi ne kusan lokaci ɗaya tak da wani wanda ba mai ita ba zai leƙa ƙarƙashinta.