Me Ya Sa Injin Ruwa Ke Ƙin Ja?

A watan Afrilu, idan bazara ta kankama a Bauchi, akwai wata ƙara da mazauna Ƙofar Wambai suka saba ji daga tsakar gidaje: injin ruwa yana ta kuka, amma tankin da ke bisa ko ɗigo bai samu ba. Maigida ya kashe, ya sake kunnawa, ya ɗan bubbuga shi da hannu. Daga ƙarshe a aiki yaro ya kira mai ga-ruwa, shi kuma maigida ya shiga lissafin kuɗin sabon inji. Sau da yawa kuwa injin lafiyarsa ƙalau, laifin yana wani wuri dabam.

Ruwan famfon garin Bauchi daga madatsar Gubi yake zuwa. To amma gari ya daɗe da tumbatsa, ya tsallake ganuwar da aka gina a zamanin Sarki Yakubu na farko, kuma famfo ba kullum yake kawowa ba. Don haka gidaje da yawa suka nemi madogara ta biyu: rijiya, ko rijiyar burtsatse, ko tankin ƙasa da ake tarawa ranar da ruwa ya zo. Duka ukun suna bukatar abin da zai hau da ruwan sama. Injin da ke wannan aiki iri biyu ne. Akwai wanda ke zaune a doron ƙasa ya zura bututu cikin ruwa, akwai kuma wanda ake nutsar da shi ɗungurungum cikin rijiya, wanda kowa ke kira sumo.

Mu fara da na doron ƙasa. Idan aka kwance shi za a ga ɓangare biyu. A baya akwai mota, wato naɗin wayar tagulla da ke juya wani sandan ƙarfe idan wuta ta shiga. A gaba akwai ɗan ɗaki, cikinsa wata farfela ce a kan wannan sanda, tana juyawa kusan sau 2,900 a minti ɗaya. Farfelar tana watsa ruwa daga tsakiyarta zuwa gefe, kamar yadda tayar keke ke fesa laka, ruwan ya bi ƙofar fita ya hau bututu. Gurbin da ya bari a tsakiya kuwa dole wani ruwan ya zo ya cike shi.

Ga wani abin mamaki a nan. Muna cewa inji yana jan ruwa, amma a gaskiya ba ja yake yi ba. Iskar da ke kewaye da mu tana da nauyi, tana danne fuskar ruwan rijiya dare da rana. Aikin inji shi ne ya rage matsin da ke cikin bututu, sai nauyin iskar waje ya turo ruwan sama. Nauyin nan kuwa yana da iyaka. A bakin teku ba zai iya ɗaga ruwa fiye da mita 10 da ɗan ɗoriya ba, abin da Torricelli, almajirin Galileo, ya warware a Italiya wajen shekarar 1643. Bauchi tana kan tudu, kimanin mita 600 bisa teku, iskarta ta ɗan fi sauƙi, saboda haka iyakar ta ragu zuwa wajen mita 9 da rabi. A aikace ma, da an haɗa da gogayyar ruwa da jikin bututu, injin gida ba ya wuce mita 7 zuwa 8. Idan ruwan rijiya ya sauka ƙasa da haka a ƙarshen rani, ko inji mai ƙarfin doki goma aka kawo ba zai ɗauko shi ba. Mutumin da ya sayi sabo a wannan hali ya zubar da kuɗinsa ne kawai.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa iska ta zama babbar abokiyar gabar wannan inji. Ruwa ya fi iska nauyi sau ɗari takwas da wani abu, farfelar da aka ƙera domin ruwa ba ta iya kama iska, sai dai ta yi ta juyawa a banza. Shi ya sa akwai ɗan murfi a saman ɗakin farfela, inda ake ɗura ruwa har ya cika kafin a kunna. Shi ya sa kuma ake ɗaura futbawul a ƙarshen bututun da ke cikin rijiya, wata 'yar ƙofa ce mai buɗewa ta gefe ɗaya, tana barin ruwa ya shiga, tana hana shi komawa. Tsakuwa ɗaya ta maƙale a bakinta, ko robarta ta tsufa, cikin dare duk ruwan bututu zai zurare ya koma rijiya. Gwajinsa mai sauƙi ne. A ɗura ruwa a tsaya a duba. Idan ya tsaya cak, futbawul na aiki. Idan yana ta shanyewa kamar ana zuba wa rairayi, to an kama mai laifi, kuma kuɗinsa bai wuce kaso kaɗan na kuɗin inji ba.

Wanda ya fi wuyar ganowa shi ne yoyon da ba a gani. Mahaɗar bututu da ke tsakanin inji da rijiya idan ta saki, ba ruwa take fitarwa ba, iska take shaƙa, don haka ƙasa a bushe take, babu wata alama. Sai dai ka ga ruwa yana fita da tari, yana tsartuwa, ya zo ya ɗauke. Gogaggen filamba yakan bi mahaɗun ɗaya bayan ɗaya, ya sake naɗa farin tef, ya sake shafa gam.

Sumo ya tsira daga duk wannan domin yana cikin ruwan, turowa yake yi daga ƙasa. Farfeloli ne da yawa a jere, kowace tana miƙa wa ta samanta, shi ya sa yake iya hawo da ruwa daga mita hamsin ko fiye. Amma shi ma yana da inda ake kama shi, kuma a nan ƙasar Bauchi ta shigo cikin maganar. Duk wanda ya dubi duwatsun da suka kewaye garin ya ga abin da ke ƙarƙashinsa: dutse ne mai tauri, har akwai wani irinsa da masana suka raɗa wa suna daga sunan garin. Irin wannan dutse ba ya riƙe ruwa kamar yashi. Ruwan yana kwance ne a ruɓaɓɓen ɓangaren da ke samansa da kuma cikin tsagoginsa, yana tsattsafowa rijiya sannu a hankali. Idan sumo yana kwasa fiye da yadda tsaga ke kawowa, ruwa zai sauka har ya bar shi a fili. Alhali ruwan nan ne ke sanyaya motarsa, shi ne kuma ke sa farfelolinsa santsi. Ba ya daɗewa a bushe sai ya ƙone.

Alamar ita ce ruwa ya zo da ƙarfi na ɗan lokaci, ya rage, ya ɗauke, bayan awa ɗaya ko biyu an sake kunnawa ya dawo. Wannan ba ciwon inji ba ne, rijiya ce ke neman hutu. Maganinsa a riƙa ja kaɗan-kaɗan, ko a ɗan rufe bawul ɗin fita don a rage gudu, ko a ƙara saukar da sumo idan akwai sauran zurfi. Sai dai kada a kai shi can ƙasa ya zauna a kan laka, domin yashi yana cinye farfela kamar yadda dutsen niƙa ke cin tsaba.

Sai maganar wuta, wadda a ganina ita ta fi kowane abu kashe injuna. An ƙera su ne domin wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240. Idan wutar NEPA, kamar yadda har yau muke kiranta, ta zo da rauni, mota ba ta haƙura, sai ta ƙara zuƙa don ta cika aikinta, wayoyinta su yi zafi, fentin da ke raba su ya narke. Haka nan ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne, amma a daidai lokacin tashi inji yana zuƙar ninkin abin da yake ci sau da yawa. Ƙaramin janareton da ke ɗaukar fanka da talabijin zai durƙusa a nan, kuma kowane yunƙuri yana rage wa injin kwana.

Kunne yana raba gardama da yawa. Idan an kunna aka ji tsit, a fara da fiyus da soket da waya, da maɓallin nan mai shawagi a cikin tanki idan akwai shi. Idan yana gunji ƙasa-ƙasa bai juya ba, a kashe nan take. Ko dai farfela ta cije saboda tsatsa bayan dogon zama, ko kuma kafasita ta mutu, 'yar gwangwanin nan da ke ba mota turin farko. Bayan an zare wuta, a zura sukudireba ta bayan inji a juya sandan. Ya juya sumul, zargi ya koma kan kafasita, a sayo mai lamba daidai da tsohuwar. A kula, takan riƙe wuta a cikinta ko bayan an kashe. Ƙara mai kama da niƙa boris ne ya ci, wato abin da sandan ke juyawa a cikinsa. Ɗigo daga tsakanin mota da ɗakin farfela kuwa sil ne ya gaji, wato abin da ke tare ruwa a wurin, idan aka bar shi ruwa zai gangara cikin wayoyi. Ƙaurin ƙonewa kaɗai ke nuna koyil, wato naɗin wayar tagullar nan, ya tafi, shi ma akwai masu sake naɗa shi, ko da yake ingancin aikin ya danganta da wayar da suka sa da hannun mai naɗin.

Idan an tabbatar inji ya mutu, tambayar da aka saba yi a shago ita ce, "Alhaji, doki nawa kake so?" Ba ita ce tambayar farko ba. A jikin kowane inji akwai ɗan faranti mai lambobi biyu. Harafin H yana nuna iyakar tsayin da zai iya tura ruwa, Q kuma yawan litar da yake bayarwa a minti. Su biyun kamar sikeli suke, ɗaya ya hau ɗaya ya sauka, a iyakar tsayin nan ruwa ba ya fita ko kaɗan. Sai a auna daga inda ruwa ke tsayawa a watan Afrilu, ba a watan Agusta ba, har zuwa bakin tanki, a ƙara wani abu saboda tsawon bututu da lanƙwasoshinsa, a zaɓi injin da wannan tsayi ya faɗo wajen tsakiyar ƙarfinsa. A rijiya mai tsattsafi, babban sumo ya fi ƙarami saurin mutuwa.

Wajen sauyawa, na doron ƙasa aikin awa ɗaya ne: a cire wuta, a kwance mahaɗai, a zaunar da sabo kusa da ruwa gwargwadon iko, bututun shiga kada ya fi bakin inji ƙanƙanta, a ɗura ruwa kafin kunnawar farko. Sumo kuwa aikin mutum uku ne ko huɗu. Da igiyarsa da bututu ake jawo shi, ba da wayar wuta ba, kuma mahaɗar wayar da za ta zauna cikin ruwa sai an rufe ta ruf, domin nan ne ruwa ya fi samun ƙofa. Kafin a mayar da sabo, a zura igiya mai ɗan nauyi a baki a auna inda ruwa yake da inda laka ta fara, a rubuta lambobin biyu a jikin bango kusa da maɓalli, tare da kwanan wata.