Maganin amodari da rayukan yara: abin da aka gano a ƙauyukan Doso da Tawa

Mutanen jihohin Damagaram da Maraɗi sun daɗe da sanin wannan magani, ko da ba su riƙe sunansa ba. Shi ne wanda ma'aikatan kiwon lafiya suke bi gari-gari suna rabawa saboda amodari, ciwon idon nan da yake juyar da gashin ido ciki har ya makantar da mutum. Manya su haɗiyi ƙwaya, ƙanana a ba su siro. Sunansa azitromisin, kuma yana cikin jinsin magungunan da likitoci suke kira antibiyotik, wato masu kashe ƙwayoyin cuta. A ƴan shekarun nan kuwa, masana sun koma tattauna shi saboda rayukan ƙananan yara, kuma hujja mafi ƙarfi da suke kafawa da ita daga ƙauyukan Nijar ta fito.

Asalin zancen daga ƙasar Habasha yake. A shekarar 2009 masu binciken amodari a can suka ba da labarin cewa a garuruwan da aka raba maganin, mutuwar yara ƴan shekara 1 zuwa 9 ta ragu da kusan rabi. Labarin ya yi daɗi ƙwarai, har masana suka ƙi gaskata shi sai an sake gwadawa. Don haka aka shirya babban gwaji mai suna MORDOR a ƙasashe uku, Nijar da Malawi da Tanzaniya, ƙarƙashin jagorancin jami'ar Kaliforniya ta San Faransisko a Amurka, da kuɗin gidauniyar Bill da Melinda Gates. A nan ƙasarmu aka zaɓi gundumomin Boboye da Loga cikin jihar Doso, aka fara aiki a ƙarshen 2014.

Ya kamata mai karatu ya san yadda aka yi aikin, domin a nan darajarsa take. An jefa ƙuri'a tsakanin ƙauyuka. Waɗanda ƙuri'a ta faɗa musu, kowane yaro daga wata 1 zuwa wata 59 ya sha azitromisin sau ɗaya, a dakata wata shida, a sake, har sau huɗu cikin shekara biyu. Sauran ƙauyukan aka ba su wani siro mai kama da shi sak, amma babu magani a cikinsa. Masu rabon ba su san wanne ne wanne ba, iyaye ma haka, don kada son rai ya shiga cikin lissafi. Kafin kowane rabo sai a bi gida-gida a ƙidaya yara: wane yana nan, wane ya yi ƙaura, wane Allah ya yi masa rasuwa. Duk wanda ya san karkararmu, inda ake haihuwa a yi suna, a mutu a rufe, ba tare da takarda ta kai ofishin magajin gari ba, zai gane cewa wannan ƙidaya ta fi rabon maganin wuya. Ƙauyuka 1533 da yara fiye da 190,000 aka bi a ƙasashen uku.

A watan Afrilu na 2018 sakamako ya fito. Idan aka haɗa ƙasashen gaba ɗaya, mutuwa ta ragu da kashi 13.5 bisa ɗari. Amma kusan duk nauyin abin yana Nijar, inda ta ragu da kashi 18. A Malawi ba ta kai kashi 6 ba, a Tanzaniya kashi 3 da ɗan abu. Da harshen ƴan kasuwa, cikin yara dubu an tsira da kimanin biyar kowace shekara. Jarirai ƴan wata 1 zuwa 5 su suka fi cin moriya. Da aka zauna da iyayen waɗanda suka rasu aka tambaye su yadda ciwon ajali ya kasance, sai aka ga an samu sauƙin mutuwa ta zazzaɓin cizon sauro, da zawo mai jini, da sanƙarau, da ciwon huhu.

Akwai wani abu da aka tono daga baya cikin alƙaluman Doso, wanda ya cancanci ma'aikatan gwamnati su tsaya a kansa. A ƙauyen da yake maƙwabtaka da gidan likita, kusan babu bambanci tsakanin masu shan maganin da marasa sha. Gwargwadon nisan ƙauye, gwargwadon amfaninsa, har ya kai wajen kashi 28 bisa ɗari a nisan kilomita 10. Ashe siron yana cike gurbin likitan da babu ne. Tun 2006 gwamnati ta yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar, amma yafewar ba ta rage wa uwa tafiyar amalanke ba, ba ta kuma busar da hanya da damina ba. Gaskiya ne an ci gaba: ƙidayar 1992 ta nuna yara 318 cikin dubu suna mutuwa kafin su cika shekara biyar, ta 2012 kuwa 127. Sai dai 127 ma ba ƙaramin makoki ba ne.

To, kowane allazi da nasa amanu. Ƙwayar cuta idan ta saba da magani, sai ta taurare ta daina jin sa. Masu binciken ba su ɓoye wannan ba. Bayan shekara biyu, cikin yaran da aka duba hancinsu aka samu ƙwayar da take haddasa ciwon huhu, kimanin kashi 12 bisa ɗari a ƙauyukan azitromisin suna ɗauke da wadda ta taurare, alhali a sauran ƙauyukan kimanin kashi 3 ne. Bayan shekara huɗu, alamun wannan taurin cikin hanjin yara sun ninka fiye da sau bakwai. Saboda wannan tsoro ne Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta taka a hankali a 2020. Ta ce kada a mai da rabon ruwan dare. A yi shi kawai inda mutuwar yara ta yi yawa, a taƙaita shi ga jarirai ƴan wata 1 zuwa 11, kuma a riƙa auna taurin ƙwayoyin cuta.

Wannan shawara ta OMS ita aka ɗora bisa sikeli a gwaji na biyu, AVENIR, daga 2020 zuwa 2023, a ƙauyuka 3000 na jihohin Doso da Tawa, da yara fiye da 380,000. Aka kasa ƙauyukan kashi uku: inda aka bai wa dukan yara har ƴan wata 59, inda aka bai wa jarirai kaɗai, da inda ba a ba da maganin gaske ba. Sakamakon da aka buga a watan Agusta na 2024 ya nuna inda aka bai wa kowa, mutuwa ta ragu da kashi 14. Inda aka bai wa jarirai kaɗai, kashi 6 ne, wanda a ƙa'idar lissafi ba a iya bambanta shi da sa'a. Dalilin da masu binciken suka kawo kowace uwa ta san shi: jariri ba ya zuwa wasa, yayyensa ne suke kwaso cuta a waje su kawo masa har bisa tabarma. Idan aka wanke cikin yayye, ƙane ma ya huta.

A nan ne zancen ya iso kasuwa. Wani zai karanta wannan labari ya ce bari ya sayi kwalba ɗaya ya bai wa ɗansa, wani kuma ya hango ciniki. An riga an gwada irin wannan a Burkina Faso, inda aka bai wa jarirai fiye da 32,000 ko dai azitromisin ko siron banza, ɗaya bayan ɗaya, lokacin da aka kawo su awo da rigakafi. Sakamakon da ya fito a farkon 2024 bai nuna an rage mutuwa ba. Amfanin yana zuwa ne idan yaran gari suka sha tare a lokaci guda. Taurin ƙwayar cuta kuwa ba ya jiran wannan sharaɗi: kowace kwalba da aka sayar a kan tire, ko aka shigo da ita ta bayan duwan, aka sha rabi aka ajiye rabi cikin zafin rana, tana ƙara shi. Kuma maganin nan shi ne har yanzu ake dogaro da shi wajen yaƙi da amodari, shi ne kuma likitoci suke komawa gare shi idan zazzaɓin taifot ya ƙi jin sauran magunguna.

A gwajin Doso, ba a zuba wa yaro siron da ka ba. Wanda ya iya tsayuwa an auna tsawonsa da sanda mai alamu, wanda bai iya ba an ɗora shi bisa sikeli, aka ba shi miligiram 20 ga kowane kilo na nauyinsa. Jinjirin da bai cika wata guda ba kuwa ba a ba shi ko ɗigo ba, domin ana tsoron irin waɗannan magunguna su toshe masa mafitar tumbi, ciwon da sai an yi masa aiki.