Ƙarshen Labari da Jigon Soyayyar Jinsi Ɗaya a Adabin Matasa na Amurka

Manazarta adabi sun san cewa a ƙarshen labari ne marubuci yakan yanke wa taurarinsa hukunci. Wannan ya fito fili a ƙagaggun labaran matasa na Amurka masu jigon soyayya tsakanin jinsi ɗaya.

Littafin John Donovan na 1969, I'll Get There. It Better Be Worth the Trip, shi ake ɗauka a matsayin na farko. A cikinsa yaro ɗan shekara 13 ya sumbaci abokinsa, daga baya mota ta kashe karensa, sai ya ɗauka alhaki ne ya kama shi. Littattafai da dama sun bi wannan sawu, suka ƙare da haɗari ko mutuwa.

A 1982 Nancy Garden ta kauce wa wannan turba da Annie on My Mind, inda 'yan mata biyu suka sha wuya amma suka daidaita a ƙarshe. A 1993 aka ƙona littafin a birnin Kansas, hukumar makarantun Olathe kuma ta janye shi daga ɗakunan karatunta. A 1995 kotun tarayya ta ce janyewar ta saɓa wa tsarin mulki.

Har yau Amurkawa ba su daina jayayya kan wanda zai zaɓar wa matashi abin karatu ba: iyaye, makaranta, ko shi kansa.