Kafin ka sayi salansa: Inda ya kamata kuɗin mai babur ɗin gudu su fara zuwa

Manyan baburan gudu irin su Yamaha R6, Honda CBR600RR da Kawasaki Ninja sun daina zama baƙi a titunan Abuja, Kaduna da Kano. Akasarinsu na hannu ne, an sha hawansu a Turai ko Amurka kafin su iso mana. Matashin da ya daɗe yana tari ya mallaki ɗaya, da zarar ɗan kuɗi ya sake shigo masa sai ya fara tunanin abin da zai ƙara wa babur ɗin. Na lura kusan kullum salansa ce ke fara zuwa masa a rai, domin ita ce ake ji tun daga nesa. A ganina ita ce ya kamata ta zo ƙarshe.

Babur mai injin cc 600 irin waɗanda na ambata yana fitowa daga masana'anta da ƙarfin dawakai sama da 100, kuma yana wuce kilomita 200 a sa'a ba tare da an taɓa masa ko kusa ɗaya ba. A kan hanyar da rami, yashi, awaki da masu Keke Napep ke jiran mutum, babu mahayin da ke cin rabin wannan ƙarfi. Abin da ke ƙaranci shi ne ikon sarrafa shi. Mai doki ya san kofato da linzami ake dubawa kafin a yi zancen adon sirdi. Tun bayan cire tallafin mai da faɗuwar darajar naira a 2023, kayan gyaran da ake sayowa da dala sun yi tashin gwauron zabo, don haka mai ƙaramin ƙarfi ba shi da kuɗin gwaji.

Taya ce farko. Duk nauyin babur da na mahayinsa, da birki da kwana, sun rataya ne a kan wuri biyu da kowannensu bai fi tafin hannu ba. Taya kuwa tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba, roba tana bushewa, zafin ranarmu kuma yana gaggauta hakan. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta haura shekara biyar ta cancanci a sa mata ido sosai. Sayen tsohuwar taya don araha shi ne ainihin abin da Bahaushe ke nufi da araha ba ta ado. Bayan sabuwar taya, ka mallaki gejin iska naka, ka riƙa aunawa da safe kafin ta yi zafi, bisa adadin da littafin babur ɗin ya faɗa.

Birki ne na biyu. Lissafinsa ba ya sassauci: idan gudu ya ninka, nisan da birki ke buƙata kafin babur ya tsaya yana ninkawa sau huɗu. Mai gudun kilomita 120 yana buƙatar ninki huɗu na filin da mai gudun 60 ke buƙata. Man birki nau'in DOT 4 yana shan danshin iska a hankali. Sabo yana jure zafin digiri 230 kafin ya tafasa, wanda ya sha danshi kuwa yana iya saukowa zuwa 155. Idan ya tafasa, za ka matse hannun birki ka ji shi lagwas. Shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Sai takalman birki na asali, sai bututun birki mai saƙar ƙarfe a madadin tsohon na roba da ke kumbura idan an matsa. A nan jabu ya fi ko'ina haɗari.

Na uku ko kuɗi ba ya ci sosai: saita shokozoba daidai da nauyinka. Waɗannan babura suna da wurin ɗaurewa da sassautawa gaba da baya, amma da yawa ana hawansu a kan saitin wani Bature da ya fi mai shi na yanzu nauyi ko ya gaza shi. Makanikin da ya san aikinsa zai auna yadda babur ke nutsewa idan ka zauna, ya daidaita shi kusan milimita 30 zuwa 35. Wanda ya yi wannan zai ji kamar an canza masa babur a kwana.

Wanda har yanzu yake son ƙarin kuzari wajen tashi, hanya mafi sauƙi ita ce ta sarƙa da faifanta masu haƙora. Sauya na gaba daga haƙora 16 zuwa 15 yana ƙara jan babur da kusan kashi bakwai cikin ɗari. Farashinsa shi ne raguwar ƙololuwar gudu, ƙarin shan mai, da agogon gudu da zai iya fara ƙarya a wasu baburan. Sarƙa da faifan biyu tare ake canza su, domin tsoho yana cinye sabo.

Ita kuwa salansa, wadda ake ɗaurawa a ƙarshen bututu kawai, abin da take ƙarawa 'yan dawakai ne da ba ka jin su a jiki. Cikakkiya mai tsada kuma sai an sake saita ƙwaƙwalwar injin, in ba haka ba mai ya yi wa iska kaɗan, inji ya riƙa zafi fiye da kima. Haka matatar iska ta tsere, wadda ta fi buɗewa: an yi ta ne don filin tsere mai tsabta, a ƙurar hunturunmu kuwa ƙofa ce ka buɗe wa rairayi.

Akwai abin da ba a jikin babur yake ba, amma ina sa shi sama da duk waɗannan: hular kwano mai rufe fuska duka, mai tambarin inganci irin ECE, da safar hannu da riga mai kariya. Tun 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular, amma doka ba ta kai iyali sanin darajar kan mai gida ba. Ƙarar salansa maƙwabta ne ke jin ta cikin dare, su yi tsaki. Ingancin taya da birki kuwa mahaifiyarka ce ke cin moriyarsa, duk daren da ta ji ka turo babur cikin zaure lafiya.