Abin da Hoton Talla Ya Bari a Jibiya

Yau hankalinmu yana Magamar Jibiya, inda tireloli ke jeruwa kafin su tsallaka Ɗan Isa su nufi Maraɗi.

Duk wanda ya taɓa ganin tallan yawon buɗe ido na tsibiran Jamaika ko Zanzibar ya san salonsa: farin yashi, itatuwan kwakwa, ma'aikacin otal yana murmushi. Ba a nuna gonakin rake da na kanumfari da bayi suka noma, balle unguwar da ma'aikacin nan yake kwana. Mu ba mu da teku, amma salon bai bar mu ba. Tallan Katsina Ɗakin Kara kullum dawakan hawan sallah ne, da hasumiyar Gobarau, da rijiyar Kusugu ta Daura. In an tuna da Jibiya, sai a ɗauko hoton madatsar ruwa. Ko kalmar daba da ake tallata hawan da ita, daga Indiya Turawan Ingila suka zo da ita, suka riƙa tara sarakuna su yi wa manyansu hawa, irin wanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956.

Babban abin da hoton ya ɓoye shi ne ita kanta iyakarmu da Nijar. Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, suka ratsa tsakiyar Katsinawa. Ai har gobe sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake kiransa. Wannan layi ne ke yanke wa Jibiya ci da rashin ci. Da aka rufe shi a 2019, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, masu lodi da direbobi da mata masu abincin tasha ne suka fara ji a jikinsu, alhali 'yan bindiga sun riga sun raba manoma da yawa da gonakinsu.

Wani zai ce, ai mai talla ba ya kushe hajarsa, kuma baƙo ba baƙin ciki ya zo saye ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai Senegal tana samun baƙi a tsibirin Gore, Gana kuma a kurkukun bayi na Elmina, kuma tarihi mai ɗaci suke nunawa ba ɓoye-ɓoye. Haɗarin ma ba na baƙo ba ne, shi da zai kwana biyu ya wuce. Na mahukunta ne, domin wanda ya daɗe yana kallon tallansa yakan gaskata shi, ya ware kuɗin kwalliyar dawaki kafin na yaran da tamowa ta kwantar.

Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ta nan Jibiya aka tsara zai bi. Ran da ya fara sauke baƙi, wa za a ɗauka ya ba su labarin wannan iyaka?