Zoben Zuhalu: Maganaɗisu Ne Ya Ƙera Shi?

Duk wanda ya taɓa yaye bargo da daren hunturu ya ga tartsatsi, ya san lantarki na maƙalewa a jikin abu. Idan iska ta yi zafi har ƙwayoyinta suka ɗauki caji, masana na kiranta filasma. Ita ce cikin walƙiya, ita ce jikin rana, kuma tana bin maganaɗisu kamar raƙumi da akala. A kan wannan Hannes Alfvén, ɗan Suwidin da ya ci kyautar Nobel a 1970, ya gina ra'ayinsa game da zoben duniyar Zuhalu. Ya ce maganaɗisun duniyar ne ya riƙe filasma yana juyi da ita, da ta huce sai ta dunƙule, ƙwayoyin suka gangaro zuwa kashi biyu cikin uku na nisansu daga duniyar. Giɓin da masanin taurari Cassini ya gano a zoben a 1675 kuwa, a ganinsa, inuwar watan Zuhalu mai suna Mimas ce, wanda ya share filasmar da za ta cike wurin.

Lissafin ya yi kusa ƙwarai, bai cancanci raini ba. Sai dai hujjoji sun fi ƙarfinsa. Nauyin Mimas kaɗai ya isa ya buɗe giɓin, domin ƙwayar da ke bakinsa na zagaya Zuhalu sau biyu kafin watan ya zagaya sau ɗaya, yana fizgarta a wuri guda har ta kauce. Ga kuma tsabtar zoben: kusan dukkansa ƙanƙarar ruwa ce fara fat, kuma awon kumbon Cassini na 2017 ya nuna nauyinsa bai kai rabin Mimas ba. Farar riga ba ta kwana a kan igiya cikin hazo ta wayi gari fes, balle ƙanƙarar da ƙura ke zubo mata shekara biliyan huɗu da rabi, kamar yadda ra'ayin Alfvén ke buƙata.

Wasu masana na cewa zoben na kakkaɓe ƙurarsa, don haka yana iya zama tsoho. Ko da hakan ta tabbata, tsufa bai nuna filasma ce asalinsa ba, tunda watan da ya matso kusa har jan Zuhalu ya farfasa shi ma zai bar irin wannan tarkace. To, ina layukan nan masu duhu a kan zoben da kumbunan Voyager suka ɗauko hotonsu a 1980 da 1981, masu bin juyin maganaɗisu? Nan kam akwai hannun filasma, amma a kan ƙura mai laushi da ke saman zoben. Dunƙulen ƙanƙara mai girman ɗaki, nauyin Zuhalu ne ke jan akalarsa.