Asalin Kalmar "Asibiti" da Yadda Ta Zauna a Bakin Kanawa

Kalmar "asibiti" aro ce daga kalmar Ingilishi "hospital", wadda ita ma ta samo asali daga kalmar Latin "hospes", ma'ana baƙo ko mai masauki, ta kuma shiga Ingilishi ta hanyar tsohon Faransanci. Da farko ana nufin gidan saukar matafiya da gajiyayyu ne, kafin ma'anar ta taƙaita ga wurin jinyar marasa lafiya. Daga wannan tushe ne kuma "otal" ya fito.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 suka kafa tsarin jinyarsu, sai harshen Hausa ya sarrafa kalmar bisa ƙa'idarsa: ya yar da harafin farko da na ƙarshe, ya mai da "p" ta koma "b", ya kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, har ta samu jam'i irin na gida, wato "asibitoci". A cikin birni, idan aka ce an kwantar da mutum a asibiti, galibi hankali yakan koma Asibitin Murtala da ke kusa da Ƙofar Mata, wanda ke ɗauke da sunan Janar Murtala Muhammad da aka kashe a 1976. Haka kuma "maganin asibiti" ya zama kishiyar maganin gargajiya da ake samu a Kasuwar Kurmi.

Ma'anar farko ta karɓar baƙo ita ce ya kamata ma'aikatan lafiya su riƙe, domin majinyaci yana buƙatar tarba mai mutunci kamar yadda yake buƙatar magani.